Damin Tarwaɗa

Shekara talatin Bawa ne ke kai damin shinkafa mafi girma majami'arsu ta Kalgo ranar godiyar kaka. Bana ambaliya ta shafe gonarsa ta fadamar Wurogauri. Ko zangarniya ɗaya bai yanka ba.

Ranar Lahadin godiya, matarsa Ladi ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta tsaya bakin ƙofa.

"Maigida, tashi mu tafi."

"In shiga hannu wofi, yara su riƙa nuna ni da yatsa?"

"Wanda ya ciyar da kai shekara talatin, sai da dami zai gane fuskarka?"

Ta tafi. Shi kuwa ya nufi gonar, don ya kai wa Ubangiji ƙara inda ba mai ji. Ya durƙusa cikin laka bakin wani kududdufi da ruwan ya bari, ya ce, "Ya Yesu, na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Amma naka nake. Ka riƙe ni."

Bai kai ga amin ba, wani abu ya maka masa jela a gwiwa. Ya buɗe ido. Kududdufin cike yake da tarwaɗa, baƙaƙe, ƙosassu, suna hawan juna!

Tsoho ya faɗa ciki da rigarsa, yana kamu yana ƙyaƙyatawa. Zubair masunci, maƙwabcinsa, ya zo wucewa kan babur, ya taka birki.

"Baba Bawa, shinkafa ka shuka ko kifi?"

"Sauko ka kama, sarkin surutu!"

Bawa manomi ne, bai san halin kifi ba. Da ya ga manya bakwai sun yi lamo kan ciyawa, ya ce sun mutu. Ya haɗa su ya ɗaure da igiya, yadda ake ɗaure dami.

"Baba, tarwaɗa fa ba ta saurin..."

"Kunna babur kawai!"

Sun isa majami'a fasto na tsakiyar addu'a, kowa ido rufe. Bawa ya shiga, laka har gemu, ya aje daminsa gaban bagade tsakanin gero da dawan da aka kawo baiko ga Ubangiji, ya sunkuyar da kai.

Sai damin ya motsa. Igiya ta sulluɓe. Fat! Fat! Ɗaya ta bi ƙarƙashin benci, ɗaya ta nannaɗe ƙafar fasto. Mata suka haye bencuna suna salati da sunan Yesu. Fasto ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Baikon wane ne ke gudu?"

Yara duka suka nuna Bawa da yatsa.

Ladi ta riƙe ciki, dariya har hawaye. Bawa ya dubi yatsun nan, ya ga ba su cizo. Ya ɗaga hannu sama.

"Nawa ne! Ku tare ƙofa, kada rabon Ubangiji ya koma gulbi!"