Rakiyar da Fasto Bai Yi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Makiyayin da ba ya gyangyaɗi. Ya ba mu kunnen jin abin da baki ya kasa faɗi.

Fasto Manu yana cikin rubuta darasi na huɗu ga dattawan ikilisiyarsa ta Matameye, sai aka yi sallama a ƙofar biro, wato ofishinsa. Mako biyu ke nan da dawowarsa daga taron horon shugabannin majami'u a Damagaram, kansa cike da shawarwari. Wadda ya fi ƙauna ita ce: shugaba ya tsare lokacinsa, minti goma ga kowane baƙo.

Mai sallamar Mariama ce, ƙanwar Baba Shekara, tsohon da ya girmi kowa a ikilisiya. Shi kaɗai ne Kirista a gidansu, ita kuwa ke kula da shi.

"Sannu da zuwa, Inna. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Fasto. Gaisuwa na zo."

Ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, ta tambayi gajiya. Da minti goma suka cika, ya miƙe, ya yi mata addu'a gajeriya, ya buɗe mata ƙofa. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofar tana gyara mayafi. Ya koma kujerarsa, yana jin daɗin yadda tsari ya fara zama.

Bayan la'asar, Malam Garba tela, maƙwabcinsa, ya leƙo.

"Fasto, ba za ka gidan rasuwa ba?"

"Wa ya rasu?"

"Shekara mana. Ba Mariama ta zo ta kira ka ba?"

"Ta ce lafiya lau!"

"A zaune? To, wa ke faɗin magana mai nauyi a zaune? Ka raka ta?"

Fasto ya girgiza kai.

"Haba, ɗan boko! Mu nan sai an taka wa mutum zuwa bakin hanya yake sauke abin da ya kawo shi. Ai ko kakarka ta san wannan."

Fasto ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi gidan rasuwar. Ya iske zauren cike da maza a kan tabarmi, suka matsa masa wuri da girmamawa. Ba wanda ya ga laifinsa, har wani ya ce ai Fasto mutum ne mai ayyuka. Ya zauna ya daɗe, bai duba agogo ba.

Da ya tashi, Mariama ta fito raka shi. Sai da suka wuce katanga ta yi magana.

"Ya jira ka har azahar. Da ya ga ba ka zo ba, ya ce kada a dame ka. Sai ya kama wata waƙar addu'arku da kansa. Ya kai tsakiya, ta ɓace masa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa ba mu san ta ba."

Ta rera masa farkon, murya ƙasa-ƙasa. Fasto ya san waƙar tun yana yaro.

"Faɗa mini sauran, Fasto, a hankali," in ji ta. "In je in ƙarasa masa kafin ku ɗauke shi."

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka mai tsayawa a kanka ranar taka.