Garin Kuka a Radiyata

Motar Almustafa ta girme shi, kuma ta san da haka. Yana goye aka shigo da ita garin Tawa. Ta yi jigilar albasa, ta kai amare, ta kai gawa, sai da kowa ya gaji da ita sannan aka yi wa bawan Allah alheri aka sayar masa. Amma ya san ciwonta sarai. Tari ɗaya za ta yi ya faɗa maka inda ke mata zafi.

To matarsa Haula ta haihu, haihuwar fari, can gidan iyayenta a Barmu kamar yadda aka saba. Ranar suna ta zo, rago yana Tawa. Da sanyin safiya malamai za su taru a yanka, kafin kowa ya kama gabansa. Yaron da aka raɗa wa suna babu rago kuwa, har ya yi gemu mutanen Barmu ba za su bar tuna wa ubansa ba.

Ana sallame asuba suka kama hanya. Rago yana baya a ɗaure. Kusa da shi Goggo Raƙiya, ƙanwar mahaifin Almustafa, ta rungume ƙullin garin kuka na miyar 'yan suna. A gaba kuma, ina ruwan wani, surukinsa ne da kansa, Alhaji Attahir, mahaifin Haula, wanda ya zo Tawa a duba masa ido ya kwana. Shi Alhaji ya taɓa yin karen mota a Abijan wata damina, zamanin samartaka. Tun daga nan babu injin da ya isa ya yi ƙara a ƙasar Adar bai ce wani abu a kai ba.

Sun bar gari, sun shiga hanyar jan dutse, sai mota ta yi wata tsuwa kamar an taka ɗan kyanwa, ta yi shiru. Jar fitilar batiri ta kama. Allurar zafi ta fara hawa. Almustafa tun bai tsaya ba ya san kurwa ce ta tsinke, robar nan da ke juya fanka da famfon ruwa. In famfo bai juya ba ruwa ba ya zagayawa, in bai zagaya ba sai ya tafasa. Ya gangara gefe, ya ɗaga kapo, murfin inji. Tururi ya tashi, ruwa na ɗiga ta bututun amai.

Alhaji ya fito yana gyara hannun riga. Ya duƙa, ya leƙa da idon nan da aka ɗiga wa magani jiya.

"Radiyata ce ta huje," in ji shi. "Ga ta nan tana zuba."

Almustafa ya sunkuyar da kai, ya dubi takalminsa. Mutumin da ba ka iya haɗa ido da shi, ba ka cin abinci gabansa, ta ina za ka ce masa ya yi kuskure?

"Haka ne, Baba," ya ce a hankali. "Ko da yake... ita kurwa ma..."

"Wace kurwa? Yaro, mu da munka kai babbar mota Daf mai tan talatin har garin Bwake da radiyata kamar rariya? Hajiya, mi ke cikin ƙullin ga?"

"Kuka ce, Alhaji. Ta baƙinka ce."

"Kawo. In ta ji zahi sai ta kumbura ta liƙe hujin. Ba ka taɓa ji ba?"

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin, ba ƙarya. Direbobin daji suna zuba ɗan kaɗan in da huji. Sai dai nan babu huji, kuma hannun Alhaji bai san ɗan kaɗan ba. Aka jira ta huce, aka buɗe murfi da tsumma, Alhaji ya cika tafi ya antaya, ya ƙara. Almustafa da hannunsa ya bi da ruwan bido, 'yar jarkarsa, yana cewa, "Madalla, Baba."

Suka tashi. Ba su yi nisan da mai jaki zai gaji ba allura ta koma sama inda ta fito, aka sake tsayawa.

"Ba ta ji ba," in ji Alhaji. "Hujin babba ne. Hajiya, ƙaro."

"Alhaji, in motar ce za ta ci sunan, a hwaɗa mini in ba ta daddawa."

Alhaji bai ji ba, ko ya ji ya bar wa Allah. Ya sake antayawa. Rana ta fara leƙowa ta bayan tudu, wayar Almustafa ta yi ƙara. Haula ce, da muryar mai jego.

"Kuna ina? An shimfiɗa tabarmi. Liman ya aiko sau biyu."

"Muna tahe."

"Ragon hwa?"

"Shi ma yana tahe."

Ragon kuwa yana cin soson kujera, hankalinsa kwance, shi kaɗai ne jinkirin ya yi wa daɗi.

Allah da ikonsa, sai Alhaji ya ɗauki buta ya nufi bayan wata aduwa. Almustafa ya zabura kamar an tsikare shi. Ya zaro tsinkakkiyar kurwa ya cusa aljihu, ya kwance igiyar rago, ya miƙa wa Goggo ƙaho.

"Riƙe mini shi, Goggo, don Allah."

"Ni? Da wane ƙarhi? Kai ba ka da baki ne? Tun ɗazu ka san abin da ke damunta!"

"Surukina ne, Goggo."

"To ai shi ke nan. Sai mu kwana nan da ladabi."

Ya zagaya igiyar a kan ƙafafun da kurwa ke bi, ya ja iya ƙarfinsa, ya ƙulle, ya sassauta dinamo da kile, wato sifana, ya danna ta har igiyar ta yi tauri, ya ɗaure. Aiki mai kyau, wallahi, duk makanikin da ya gani sai ya yaba. Ya rufe kapo kafin dattijo ya dawo.

Aka tayar. Jar fitila ta mutu. Allura ta sauka.

"Ka gani?" in ji Alhaji, yana shafa gemu. "Ta liƙe."

"Ta liƙe, Baba."

Abin da Almustafa ya manta don sauri, tun ɗazu kukar nan tana kwance wuri guda tana dahuwa, ba ta da mai kai ta ko'ina. Yanzu ya gyara mata famfo. Famfo kuwa ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya raba miya lungu-lungu, babu jijiyar da bai kai wa rabonta ba. Ƙananan hanyoyin radiyata suka toshe. Suna hango bishiyoyin wani ƙauye allura ta haye har ƙarshe, wani tiyo ya fashe, kore shar mai yauƙi ya feso ta gefen kapo ya wanke gilashi. Mota ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Goggo ta shaƙi iska. "Ta nuna. Gishiri ne babu."

A wannan hargitsin rago ya fizge, ya taka cinyarta, ya yi waje ta taga. Almustafa ya bi shi cikin karan gero da shaddarsa ta suna, ya faɗi, ya tashi, ya damƙo ƙafar baya. Yana dawowa da shi a kafaɗa sai ga wani ɗan kabu-kabu ya fito daga ƙauyen a kan babur, ya tsaya kallo yana toshe dariya.

"Barmu," in ji Almustafa yana haki. "Rago da mutum ɗaya."

Mutum ɗayan, ba sai an tambaya ba. Alhaji ya naɗe babbar riga ya haye, aka ɗora masa rago a cinya. Kafin su tashi ya waiwayo, ya leƙa cikin kapo, ya ga igiya.

"Wa ya sa wannan?"

Almustafa ya dubi takalminsa.

"Shi ya sa! Na gama gyara, ka bi bayana da igiyar dabba. Yaran yanzu ba ku da haƙuri."

"A gafarce ni, Baba."

Babur ya tafi. Goggo ta shimfiɗa gyale a inuwar mota ta zauna tana karkaɗe abin da ya rage a ƙullinta. Almustafa ya kwance tiyo, ya samo kara yana sakace radiyata, yauƙi har gwiwar hannu. Rana ta ɗaga sosai kafin waya ta sake ƙara.

"An yanka," in ji Haula. "Liman ya sa takalmi ƙahwa ɗaya sunka iso. Baba yana zaure yana ba mutane labari. Ya ce in hwaɗa maka kar ka damu, ba ya riƙe ka a zuciya. In an watse zai dawo ya duba maka ita da kyau."

Almustafa ya dubi motar, ya dubi Goggo.

"Ki ce masa na gode," ya ce.