Farcen Auta

A layin su Malama ana ta cewa sabon asibitin fata ya kawo injin leza mai aiki da haske, wai zama ɗaya ruɓaɓɓen farce zai koma kamar na jariri. Malama ba ta yarda ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da kimiyya, kuma duk wadda ta tambaya sai ta ce ƙanwar wance ce ta warke.

Sai dai tana so ya zama gaskiya. Autarta na wanke-wanke a gidan abinci, ruwa ya ci mata farata huɗu, sun yi kauri, sun yi ɗorawa. Ranar da aka sa ta kai faranti, wani ya kalli hannunta ya ture abincin. Mai gidan abincin ya ba ta mako biyu: ko su warke, ko ta nemi wani aikin.

Malama ta ce a fara da ita, ai babban yatsan ƙafarta ya daɗe da cutar. Auta ta raka ta asibitin, ta zauna a waje, hannu cikin mayafi.

Wata ma'aikaciya ta kafa wa Malama baƙin tabarau, ta ce ta zama 'yar gayu. Injin ya yi ta ƙas-ƙas, jan ɗigo na yawo a kan farcen, zafi na shiga kamar an kanga ashana. Da Malama ta cire tabarau ta duƙa ta duba. Farcen na nan yadda ta zo da shi.

"'Yata, kin kunna shi kuwa?"

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta kira likita. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ƙwayar cutar hasken ke nema, wani lokaci ya same ta, wani lokaci a'a. Abin da ya riga ya lalace kuwa, sai sabo ya turo shi. In a hannu ne kuma, a daina jiƙa shi. Malama ta tambaya ko akwai abin da ke sa farce sauri. Ya girgiza kai.

Ta daɗe tana ɗaura takalmi.

Tana fitowa Auta ta miƙe, idonta a kan ƙafar.

"Mama, ya yi?"

Malama ta zauna a bencin, ta jawo hannun daga cikin mayafin ta riƙe.

"Farcen hannu wata shida yake yi kafin ya sake fitowa."