Waƙar Tsutsotsin Siliki

Kun ga Shizu makauniya zaune a bakin gada, molonta ba tsirkiya, kuka kawar da kai. To, ku saurara.

Kowace bazara a gidan Tome, mai kiwon tsutsotsin siliki, take sauka. Tsohuwar kan wanke mata ƙafa, ta hau da ita bene don ta yi wa tsutsotsin waƙa, saboda an ce hakan ke sa su yin zare.

"Ƙanwata, sassauta murya," in ji Tome tana dariya. "Bara saura kaɗan ki kurmantar min da su."

Shizu na cikin kiɗa ta ji tari a bayan faya-fayan ganyen da tsutsotsin ke ci. Ta gane mai shi: Rokuzo ne, ɗan Tome, wanda ake nema saboda ya kai ƙarar hakimi kan harajin shinkafa. Tome ba ta damu ba. Makauniya me za ta gani?

Ba ta san 'yar Shizu na hannun hakimin ba, kuma ba ya barin uwar ta shafa fuskar yarinyar sai ta kawo labari.

Shizu ta kai labarin. Aka sare kan Rokuzo. Da ta nemi a ba ta 'yarta, hakimi ya ce, "Sai baɗi, mai molo."

Har yau Tome na aiko mata da dunƙulen shinkafa. Shizu ba ta iya haɗiya. Da hannunta ta tsinke tsirkiyoyin.

Kun san gidan hakimin nan. Ku tashi ku tsaya a ƙofarsa har ya fito da yarinyar.