Buhun Katakon Anti Kafayat

Shekara goma sha tara Madam Firisila ta yi tana koyar da Turanci a wata sakandare da ke Gada Biyu, kuma hanyarta ɗaya ce: kalma goma a allo kowace safiya, a haddace, wanda ya manta kuma ya miƙo hannu ya sha bulala. Ba wanda ya ga laifin hanyar sai da aka ɗauki Kafayat aiki, yarinyar da jiya-jiyan nan ta gama bautar ƙasa.

Kafayat ta je kasuwar Katako ta roƙo guntayen katako wajen kafintoci, buhu guda. A jikin kowane guntu aka rubuta saiwar kalma ɗaya, ta Latin ko ta Girka, ma'anarta kuma a baya. Ɗalibi ya ɗauki trans, wato ƙetarewa, ya jera da port, wato ɗauka, sai ga transport. Ya cire na farkon ya sa ex, sai ga wata kalmar. Ajin ya koma kamar tashar Taminus, ihu har ofishin malamai.

Firisila ta ce wasan yara ne. Abin da ba ta faɗa ba shi ne autarta Yael tana wannan ajin. Da can yarinyar ba ta wuce kalma sai ta ce, "Mama, mene ne wannan?" Yanzu ta daina. Ko a kwalin magani ta ga doguwar kalma, sai ta yanyanka ta kamar albasa, ta ce, "Anti Kafayat ta ce..." Sau huɗu Firisila ta ƙirga a zaman cin abinci ɗaya. Kishi ne, ta sani, sanin kuma bai rage mata komai ba.

Ranar Juma'a bayan an tashi, Firisila ta hango buhun a bayan ƙofar ajin, ba kowa. Ta sa shi a keke ta kai gida, ta tura ƙarƙashin itace a bayan kicin. Ta ce wa ranta ɓoyewa kawai za ta yi, a ga ko kan yaran na aiki ba da katako ba.

Can sai ga Yael, ido jawur.

"Mama, ni aka ba ajiyar buhun. Fita kawai na yi karɓo makulli, na dawo babu. Me zan ce wa Anti ranar Litinin?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Amma yadda yarinyar ta ce "Anti", kamar mai kiran uwa, shi ya ɗaure wa Firisila harshe.

"Katako ne fa, ba zinariya ba. Je ki wanke fuska."

Asabar da safe ga sanyi, ruwan sama kuma ya jiƙa itace. Firisila ta ɗora gwaten acca, wuta ta ƙi kamawa, hayaƙi kawai. Ga busasshen katako a kusa. Ta jefa ɗaya, ta ƙara biyu, wuta ta tashi. Har da ɗan jin daɗi, Allah na gani.

Yael ta zo iza wuta kamar kullum. Ta tsuguna, ta tsaya. Da yatsu biyu ta jawo guntun da wuta ta ci rabinsa, ta busa masa iska, ta juya shi.

"Ni na rubuta wannan, Mama. Duk ni na rubuta su. Anti ta ce rubutuna ya fi na kowa, na ce mata ke kika koya mini."

Yael ta ɗaga itacen, ta jawo buhun, ta karkaɗe shi.

"Zan ce mata ni na manta na zo da shi gida. Ukun nan kuma zan sake."

Ta shige ɗaki, ba ta tambayi dalili ba. Wata uku Firisila ta yi tana jiran yarinyar nan ta tambaye ta wani abu, yau kuma sai ga ta a bakin murhu tana gode wa Allah da ba ta tambaya ba.