Zaren Malam Muntaka

Alkawarin da mutum ya ɗaukar wa mamaci, wa ke da ikon warware shi? Malam Kailani ya kwana uku yana juya wannan a ransa, kuma mai ba da labarin nan ma bai san amsa ba.

Kailani makanikin injin niƙa ne a Tudun Wada. Shekara biyu ke nan da Dakta Victoria, malamar jami'a mai koyar da ilimin injina, ta sa lambarsa a zauren WhatsApp da ta buɗe wa masu bincike. Da mutum goma sha ɗaya aka fara, duk malamai. Daga baya ɗalibai suka shigo, sai maƙera, sai masu walda daga Kaduna da Kano, har aka haura ɗari takwas. Kailani yana sauraron kowa, bai taɓa cewa uffan ba.

Dakta Victoria ta sha zuwa garejinsa ta zauna kan benci, tana roƙon ya riƙa yin saƙon murya. Yakan ce shi ba ya da boko. Rannan ta yi dariya ta ce, "Baba, rowa ce kawai. Mu muna zana injin a takarda, kai kana jin tarinsa."

Ba rowa ba ce, ko kuwa ba rowa kaɗai ba. Maigidansa, marigayi Malam Muntaka, sai da ya bar shi shekara shida yana wanke sifana kafin ya nuna masa sirrin aikin, ya kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba sai wanda ya zauna a ƙarƙashinsa ya sha irin wannan wuya.

Sai ga wani Nagoda ya shigo zauren daga wani ƙauye bayan Giwa. Injin niƙansa ne kaɗai a garin, kuma sandar ƙarfen da ke juya shi ta karye sau uku cikin wata biyu. Ga kaka ta yi. Mata na ɗaukar masara a ka zuwa wani gari. Ya ce ya sa ta huɗu, in ita ma ta karye zai rufe ɗakin ya tafi ci-rani. Ya turo bidiyo.

Malamai suka yi ca. Wannan ya ce ƙarfen jabu ne, wancan ya turo lissafi shafi biyu da Turanci. Nagoda ya yi ta godiya, irin godiyar wanda bai fahimci komai ba.

Kailani ya kara wayar a kunnensa sau ɗaya ya gane. Ƙarfen lafiyarsa lau. Faifai biyun da bel ke zagayawa ne ba sa kan layi ɗaya, bambancin bai kai kaurin ƙwayar gero ba, ido ba ya gani. Zare ake shafa wa baƙin tukunya a miƙe shi a gefensu, inda ya bar shaida da inda bai bari ba su nuna karkatar. Shekara shida ya yi kafin ya ji wannan, faɗarsa kuwa ba ta kai minti biyu ba. Shi kansa bai san wanne ya fi ci masa rai ba, alkawarin ko arhar da abin zai yi.

Ya gaya wa matarsa Atika tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shi Malam ɗin, an taɓa rufe masa injin da kaka?"

Ranar Laraba da hantsi Nagoda ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sabuwar sandar ta fara zafi.

Kailani ya goge hannunsa da tsumma, ya yi wa Malam Muntaka addu'a. Sannan ya ɗauki wayar ya danna wurin saƙon murya.

"Salamu alaikum jama'a. Kailani ne daga Tudun Wada. Nagoda, kashe injin nan tukuna. Ka aika cikin gida a ba ka zaren ɗinki."