Kogin da Ke Zuwa Coci

"Tsaya, Maricruz. Koma farkon shafin."

Muryar Don Efraín ce ta shigo mata ta abin sawa a kunne. Yana zaune bayan gilashi, shi ke kula da naɗar muryarta tana karanta littafin don ɗakin karatun makafi na garin Xalapa, kuma tun safe yake tare ta a wuri ɗaya.

"Kogi fa ya taso ran Lahadi, ya shigo coci, ya zauna a bencin baya yana jin wa'azi," in ji shi. "Ke kuma kina karantawa kamar mai sanarwar cigiya. Ina mamakin?"

"Mai ba da labarin ba ta yi mamaki ba, ni a kan me zan yi?"

"Wa ya ce miki mace ce? 'Mu' kawai littafin ke cewa. Duk garin ne ke magana."

Maricruz ta ɗaga littafin ta manna shi da gilashin.

"Duk gari ba ya leƙa ƙarƙashin benci, Don Efraín. Zuwan kogin layi ɗaya aka ba shi. Lakar da ya bari kuwa, da 'yan kifayen da suka maƙale a lungu, da warin tsumma, shafi guda cur. Mai goge cocin ce, ta ɓuya cikin 'mu'. Kuma haushi take ji."

"Kin zama farfesa ke nan." Ya cire tabarau ya murza ido. "Akwai yarinyar da ke jiran aikin nan, kin sani."

Ta sani. Tun da gidan rediyon da take wa aiki ya daina wasan kwaikwayo, ba wanda ya sake ba ta littafi sukutum sai wannan. Ta kurɓi ruwa, ta gyara zama.

"A kira ta. Amma bari in karanta sau ɗaya yadda na ji shi, sai ka sallame ni da hujja."

Ya ɗaga kafaɗa, ya danna maɓalli.

Ta karanta a hankali, da muryar matar da bayanta ke ciwo, wadda ta gaji da baƙon da ba ya karkaɗe ƙafa a bakin ƙofa. Ta wuce inda ya saba tare ta, ta juya shafi, ba wanda ya ce tsaya.

Da ta ɗago kai, Don Efraín ya lumshe ido. Ya janye ƙafafunsa daga ƙasa, ya ɗora su kan sandar kujera, kamar mai gudun kada ruwa ya taɓa su.